Yabon Gwani da Ma'aunin Alheri: Darasi Daga Gwanayen Indiya

Gabatarwa

Bahaushen garin Jos ya daɗe da sanin ƙasar Indiya. Tun zamanin da gidajen silima irin su Kwararafa da Rex ke cika maƙil da dare, samari suka haddace sunayen Amitabh Bachchan da Dharmendra da Hema Malini, har wasu suka riƙa rera waƙoƙin da ba su san ma'anar ko kalma ɗaya a cikinsu ba. Da yawan waɗanda suka yi makarantar sakandare a shekarun 1970 kuwa, a hannun malamai Indiyawa suka koyi lissafi da kimiyya. Amma da za a tsaya a bakin Taminus a tambayi mutum ɗari ko wane ne Dilip Mahalanabis, ba mu tsammanin za a sami biyu da za su ba da amsa, alhali kuwa da wuya a sami gida a Gangare ko Anguwan Rogo ko Bukuru da aikin wannan likita bai taɓa shiga ba.

Wannan maƙala za ta dubi wasu Indiyawa da duniya ta ba manyan lambobin yabo, tare da wasu da ta manta da su, domin neman amsar tambaya ɗaya: shin mene ne lambar yabo take aunawa? Tambayar ta shafe mu kai tsaye, domin mu mutanen jami'a a cikin jarrabawa da takardun shaida da ƙarin girma muke rayuwa, kuma abin da muka ɗauka shi ne ma'auni, shi ɗalibanmu za su bi da gudu.

Jerin Gwanaye

An fara ba da lambar Nobel a 1901. A 1913 marubucin waƙoƙi Rabindranath Tagore ya sami ta adabi, ya zama mutum na farko da ba Bature ba da ya same ta. C. V. Raman ya sami ta kimiyyar fiziks a 1930, sai Har Gobind Khorana ta likitanci a 1968, Uwa Teresa ta zaman lafiya a 1979, Subrahmanyan Chandrasekhar ta fiziks a 1983, Amartya Sen ta tattalin arziki a 1998, Venkatraman Ramakrishnan ta kimiyyar sinadarai a 2009, Kailash Satyarthi ta zaman lafiya a 2014 tare da Malala Yousafzai ta Pakistan, sannan Abhijit Banerjee ta tattalin arziki a 2019. A fagen noma kuma, M. S. Swaminathan ne aka fara ba Lambar Abinci ta Duniya a 1987.

Masu iya magana kan ce yabon gwani ya zama dole, kuma babu ko ɗaya a cikin waɗannan da ya tsinci lambarsa a bakin hanya. Sai dai idan aka ƙura wa jerin ido za a lura da wani abu. A cikin masana kimiyya huɗu da muka ambata, Raman ne kaɗai ya yi aikin da ya jawo masa lambar a cikin Indiya. Khorana da Chandrasekhar a Amurka suka yi yawancin rayuwarsu ta bincike, Ramakrishnan kuwa a Amurka da Ingila. Wato ke nan lambar ba hazaƙa kaɗai take aunawa ba, tana kuma auna ƙarfin ɗakin bincike, da wutar lantarkin da ba ta ɗaukewa, da kusancin mutum da idon masu zaɓe a Suwidin da Nowe. Wannan ba laifin wanda ya samu ba ne, amma ya isa ya sa mu yi hattara kafin mu mayar da lamba mudun awon alheri.

Abin da Idon Alƙalai Bai Gani Ba

A 1971, lokacin yaƙin da ya haifar da ƙasar Bangladesh, mutane kusan miliyan 10 suka tsallaka cikin Indiya gudun hijira. Cutar amai da gudawa ta ɓarke a sansanoninsu. A sansanin Bangaon da ke bakin iyaka, ruwan da ake ƙara wa marasa lafiya ta jijiya ya ƙare, ma'aikatan da suka iya sa allurar kuma ba su taka kara sun karya ba. Tun kafin wannan lokaci masu bincike a Dakka da Kalkata sun tabbatar cewa idan aka haɗa gishiri da sukari a ruwa bisa ƙa'ida, sukarin yana taimaka wa hanji ya tsotse gishirin, ruwan kuma ya bi shi, ko da cutar tana kan ganiyarta. Amma likitoci na ganin sai a asibiti, a ƙarƙashin kulawar ƙwararru, ya kamata a yi amfani da wannan hanya. Mahalanabis, wanda likitan yara ne, ya sa aka dama haɗin a manyan gangunan ruwa, aka miƙa wa iyaye da 'yan'uwan marasa lafiya kofuna, aka ce su yi ta ba su. A cikin mutum fiye da 3,000 da aka yi wa magani ta haka, mace-mace suka sauko daga kimanin 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da 4 cikin ɗari.

Abin da ya tabbatar shi ne, uwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana iya ceton ɗanta da cokali da moɗa. Daga nan Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka yaɗa hanyar. A Nijeriya an yi mata gangami sosai zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ke Ministan Lafiya, daga 1985 zuwa 1992, har "ruwan gishiri da sukari" ya zama kalmar yau da kullum a bakin matan Hausawa. A wajajen 1980 gudawa na kashe yara ƙanana kusan miliyan 5 a duniya kowace shekara. Yanzu adadin bai kai rabin miliyan ba, kuma wannan ruwa yana cikin manyan dalilan raguwar. Mahalanabis ya sami lambar Pollin a 2002 da ta Yarima Mahidol ta ƙasar Tailan a 2006, tare da wasu abokan aiki, bayan shekara talatin da aikin ke nan. Bai sami Nobel ba. Babbar lambar da ƙasarsa ta ba shi, Padma Vibhushan, a 2023 ta zo, shi kuwa ya rasu a watan Oktoba na 2022.

Ba shi kaɗai ba ne. Sau biyar ana gabatar da sunan Mahatma Gandhi domin lambar zaman lafiya, tsakanin 1937 da 1948, bai samu ba har aka harbe shi a watan Janairu na 1948. Akwai ma waɗanda ko gabatar da sunansu ba a yi. A watan Agusta na 1897, a garin Secunderabad, likitan soja Bature Ronald Ross ya gano ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikin cikin sauro, aka ba shi Nobel a 1902. Saurayen da ya feɗe kuwa jinin wani mara lafiya mai suna Husein Khan suka sha, wanda ake biya 'yan kwabbai ya zauna su cije shi. Mu ma a nan Filato muna da irinsu. An kafa cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a 1924 domin yaƙi da cutar bushiya mai karkashe shanu. A 2011 aka ba da sanarwar kawar da cutar daga doron ƙasa. Baturen da ya ƙirƙiro ingantacciyar allurar, Walter Plowright, ya sami Lambar Abinci ta Duniya a 1999, kuma ya cancanta. Malaman dabbobin da suka bi rugage a ƙafa da kan keke suna yi wa shanu allura kuwa, ba su da suna a ko'ina sai a tsofaffin takardun albashi.

Rijiya da Guga

Kada mai karatu ya zaci muna cewa duk wanda ya sami lamba bai kai wanda ya rasa ba. Amartya Sen misali ne na wanda lamba ta faɗa a inda ya dace, kuma labarinsa ya haɗu da na Jos ta hanyar da ba kowa ya lura da ita ba.

A farkon 1942 sojojin Japan suka ƙwace Malaya da Bama daga hannun Ingila. Malaya ce babbar mai ba Ingila kuza, Bama kuma ita ke aika wa Indiya shinkafa. Rashin kuzar Malaya ya sa gwamnatin mulkin mallaka ta juyo kan Filato, ta kafa aikin tilas daga 1942 zuwa 1944, wanda dattawa ke kira ɗiban gwamna. An kwaso dubun dubatar manoma daga lardunan Arewa aka zuba su a ramukan kuza, cikin sanyin da ba su saba da shi ba da ƙarancin abinci, da yawa suka mutu, da yawa suka gudu. A can lardin Bengal kuwa, a 1943, yunwa ta kashe mutum tsakanin miliyan 2 zuwa 3. Yaƙi ɗaya ne, mai mulki ɗaya ne, abin da ya ci Doma bai bar Awai ba. A daidai wannan lokaci ne kuma aka ɗebi samarinmu a Runduna ta 81 da ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma, suka bi ta Indiya zuwa dajin Bama.

Sen yana ɗan shekara tara ya ga wannan yunwa da idonsa, ya kuma lura cewa ba ta taɓa gidansu ko gidajen abokan karatunsa ba, sai 'yan ƙodago da masunta da masu ƙananan sana'o'i. Tambayar da ta tsaya masa a rai tun yana yaro ita ya amsa a littafinsa Poverty and Famines na 1981. Ya nuna cewa abincin da ke Bengal a 1943 bai gaza na 1941 ba, shekarar da ba a yi yunwa ba. Abin da ya faru shi ne kuɗin yaƙi ya tayar da farashin shinkafa, ladan ɗan ƙodago bai tashi ba, hukuma kuma ta fifita ciyar da birnin Kalkata da ma'aikatan yaƙi. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana. A cikin littafin ya bi diddigin yunwar Habasha da ta Bangladesh da kuma farin da ya afka wa yankin Sahel a farkon shekarun 1970, wanda iyayenmu ba su manta da shi ba. Wanda ya bibiyi abin da ya faru a jihar Maraɗi a 2005, lokacin da gero ke jibge a kasuwa yara kuma na ramewa a ƙauyuka, zai ga cewa bayanin Sen bai tsufa ba. Ya kuma yi iƙirarin cewa babbar yunwa ba ta aukuwa a ƙasar da ke da zaɓe na gaskiya da 'yancin jarida. Abin da ya faru a Nijar, wadda ke ƙarƙashin zaɓaɓɓiyar gwamnati a lokacin, ya nuna cewa wannan magana tana buƙatar sharaɗi, domin ƙuri'a ba ta ciyar da kowa idan masu mulki suka ƙi amsa sunan abin da ke gabansu.

Akwai wani abu na biyu da Sen ya gani yana yaro, wanda ya fi kusa da zuciyar mutumin Jos. A 1944, lokacin rikicin Hindu da Musulmi a Dakka, wani lebura Musulmi mai suna Kader Mia ya faɗo ƙofar gidansu jina-jina, an soke shi da wuƙa. Yaron ya ba shi ruwa, mahaifinsa ya garzaya da shi asibiti, can ya cika. Matarsa ta roƙe shi kada ya shiga unguwar da ba tasu ba a irin wannan rana, amma babu abin da za a ɗora a wuta a gidansa. Daga wannan Sen ya ciro abubuwa biyu da ya bayyana a rubuce-rubucensa, musamman Identity and Violence na 2006. Na farko, talauci yana ƙwace wa mutum har 'yancin zama a gida ranar tashin hankali. Na biyu, kowane mutum yana da fuskoki da yawa: uba ne, maƙwabci ne, ɗan wata sana'a ne, mai jin wani harshe ne, mai bin wani addini ne, masu hura wutar rikici kuwa aikinsu shi ne su kankare duka su bar guda ɗaya. Duk wanda ya zauna a Jos a watan Satumba na 2001, ko Nuwamba na 2008, ko Janairu na 2010, ya san Kader Mia. Ya san shi a siffar mai ga-ruwa ko ɗan acaba ko mai tallar kayan miya, Musulmi ko Kirista, wanda neman abinci ya kai unguwar da aka daina ganinsa a matsayin mutum. Kuɗin lambar da Sen ya samu a 1998 ya kafa gidauniyar Pratichi da su, domin ilmin firamare da lafiyar talakawa a Indiya da Bangladesh.

Ina Amfanin Taurari da Waƙa?

A nan mai hankali zai iya tsayar da mu ya ce: idan amfanin talaka ne ma'auni, to ina matsayin Chandrasekhar, wanda a 1930, yana ɗan shekara 19 a cikin jirgin ruwa zuwa Ingila, ya lissafa iyakar nauyin da tauraro mai mutuwa zai iya ɗauka? Wane yaro wannan lissafi ya warkar? Ina kuma matsayin mai waƙa? Wannan tambaya ce mai nauyi, musamman a gare mu masu koyar da adabi, waɗanda aka saba tambaya ko me karatunmu ke sayowa.

Amsar farko tana wurin Raman, wanda baffan Chandrasekhar ne. A watan Fabrairu na 1928, a Kalkata, da kayan aiki masu sauƙi, ya gano cewa idan haske ya ratsa wani abu, ɗan kaɗan daga cikinsa yakan fito da launinsa ya sauya, kuma kowane sinadari yana da irin sauyin da yake jawowa, tamkar zanen yatsa. A ranar babu wanda zai iya nuna amfanin wannan ga mara lafiya. Bayan shekara fiye da 80, a wajajen 2010, hukumar NAFDAC ta fara amfani da wata na'urar hannu mai suna TruScan, wadda bisa wannan ka'ida take aiki, domin bambance maganin gaskiya da jabu ba tare da an kai shi ɗakin gwaji ba. Ilmi yana da nasa lokacin nuna, kuma wanda ya ce sai ya ga 'ya'ya kafin ya dasa giginya ba zai taɓa dasawa ba.

Amsa ta biyu tana wurin Tagore. Waƙa ba ta tsayar da gudawa, amma mutum ba ciki kaɗai ba ne. Ƙasashe biyu, Indiya mai rinjayen Hindu da Bangladesh mai rinjayen Musulmi, waƙoƙinsa suka ɗauka suka yi taken ƙasa. Abin da ya fi jan hankalinmu kuwa shi ne yadda ya riƙi girma. A 1915 Sarkin Ingila ya ba shi muƙamin Sir. A ranar 13 ga Afrilu, 1919, sojojin mulkin mallaka suka buɗe wuta kan taron jama'a marasa makami a Amritsar; hukuma da kanta ta amsa mutuwar mutum 379, Indiyawa kuma suka ce adadin ya wuce haka nesa. A watan Mayu Tagore ya rubuta wa wakilin Sarki ya mayar da muƙamin. A nan ne muka ga amfanin lamba na haƙiƙa: ta ba shi murya da duniya za ta ji, shi kuma ya kashe wannan murya a kan waɗanda ba su da ita. Makarantar da ya kafa a Santiniketan a 1901, wadda ta zama jami'ar Visva-Bharati a 1921, a harabarta aka haifi Amartya Sen, a can kuma ya yi karatu. A 2004 ɓarayi suka sace ainihin lambar zinariyar Tagore daga gidan tarihin jami'ar, aka yi ta cigiya ba a same ta ba, ɗalibai kuwa suka ci gaba da shiga aji.

Kammalawa

Abin da muka fahimta daga waɗannan misalai shi ne, lambar yabo shaida ce ta wasu mutane, a wani wuri, a wani lokaci, game da abin da idonsu ya kai gare shi. Tana iya dacewa, tana iya makara, tana iya kuskurewa. Alheri kuwa ana auna shi ne da nisan da aiki ya yi har ya isa ga mutumin da ba zai taɓa jin sunan mai aikin ba, ba kuma zai iya saka masa ba. Bahaushe ya daɗe da sanin wannan bambanci. Ya san yabon maroƙi, wanda ke bin hannun da ya miƙa kyauta, ya kuma san shaidar da ake yi wa mutumin kirki a bayan idonsa. Matsalarmu a yau ita ce na farkon ya mamaye ko'ina, har jami'o'i. Yawan raba digirin girmamawa ga masu kuɗi da masu mulki ne ya sa shugabannin jami'o'in Nijeriya suka taru a Keffi a 2012 suka gindaya wa kansu ƙa'idoji. Ɗalibin da ya ga haka, wane darasi muke tsammanin zai ɗauka game da ilmi?

Abu na biyu da ya kamata ɗalibi ya riƙe shi ne inda waɗannan gwanaye suka samo tambayoyinsu. Sen a ƙofar gidansu ya samo tasa. Mahalanabis a cikin taɓon sansani. Satyarthi, wanda ƙungiyar da ya kafa a 1980 ta 'yanto yara fiye da 80,000 daga aikin bauta, yakan ce tasa ta faro ne ranar da ya ga ɗan mai gyaran takalmi zaune a bakin ƙofar makaranta, shi kuwa yana shiga. Garin Jos ba ya ƙarancin irin waɗannan ƙofofi. Ga kududdufan da haƙar kuza ta bari suna cin yara da dabbobi. Ga tumatirin da ke ruɓewa a kasuwar Farin Gada ranar da ya yi yawa. Ga cutar da ke ƙone dankalin Turawa a gonakin Bokkos da Mangu. Ga harsunan Filato masu yawa da tsofaffinsu ke tafiya da tatsuniyoyinsu ba a rubuta ba. Ga kuma babbar tambayar da har yanzu ba mu amsa ba, ta yadda maƙwabtan da suka yi shekara da shekaru suna cin abincin sallah da na kirsimeti tare suka koma kowa da unguwarsa da kasuwarsa.

Ba mu hana kowa burin a ji sunansa a Suwidin ba, domin Wole Soyinka ya nuna a 1986 cewa hanyar ba a rufe take ga ɗan Nijeriya ba. Abin da muke roƙo shi ne ɗalibi ya zaɓi ɗaya daga cikin waɗannan tambayoyi ya zauna da ita shekara goma ko ashirin, da haƙuri da gaskiya, ko da mai ba da lamba bai san hanyar Naraguta ba. Mu kuma malamai, nauyin da ke kanmu shi ne mu san irin aikin da muke tafa wa a gaban aji, domin shi yaranmu za su ɗauka a matsayin abin nema. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya zaunar da garinmu lafiya.